Yadda Na Koyi Ɗaura wa Kifi Ƙwaron Ƙarya a Sikotilan

A garinmu Yawuri da ke bakin kogin Kwara, mai son kifi tana yake haƙowa ya soka a ƙugiya, ko ya shiga kwalekwale da taru, kuma kafin la'asar an san abin da za a sa a miya. Da wannan ilimi na tafi karatu birnin Abadin na ƙasar Sikotilan, inda wani dattijo maƙwabcina, da ya ji cewa ni jikan masunta ne, ya gayyace ni zaman da suke yi da daddare a cikin hunturu, lokacin da ake rufe kamun kifin salmon a kogin Dee har zuwa 1 ga Fabrairu. Na tafi da yunwata, domin a zatona kifi za a gasa. Sai na tarar da maza masu furfura sun kewaye teburi, kowa da tabarau da 'yar fitilarsa, suna naɗa gashin tsuntsu a jikin ƙugiya domin ta zama ƙwaron ƙarya da za a yaudari kifi da shi.

Aikin a baki ba shi da wuya. Ana danne ƙugiya a bakin wani ɗan ƙarfe mai matsewa, a naɗa siririn zare daga wajen idonta zuwa inda ta lanƙwashe, a ɗaura wutsiya, a yi jiki da siliki da zaren azurfa, a zagaya da gashin wuyan zakara domin ya zama ƙafafu, sannan a ɗora fukafukai a ƙulle kai. Sai dai zaren idan ka ja shi da ƙarfi ya tsinke, idan kuma ka sassauta sai fukafukan su sulale su koma ƙarƙashin ƙugiya, kuma hannun da ya saba jan igiyar taru bai san wani ja na tsaka-tsaki ba.

Dattijon ya nuna mini wani ƙwaro da ake kira Jock Scott, sunan mutumin da ya ƙirƙiro shi, wanda yake yi wa wani basarake hidimar kamun kifi a kogin Tweed a tsakiyar ƙarni na 19. A jikinsa akwai gashin ɗawisu da na talotalo da na wasu tsuntsayen Indiya da Kudancin Amurka, kuma son irin waɗannan gasu ya kai ga a shekarar 2009 wani matashi Ba'amurke mai busa sarewa ya fasa gidan tarihi na Tring a Ingila ya kwashe fatun tsuntsaye 299. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne maƙogwaron ƙwaron, wanda da na duba da kyau na ga gashin zabuwa ne, irin wanda ake fige wa a tsakar gida a share a zubar a bola, amma a nan an wanke shi an ƙulle a 'yar leda an manna masa farashi. Ina cikin jimamin dukiyar da muka yi ta zubarwa sai dattijon ya ƙara da cewa kifin salmon, idan ya baro teku ya shigo kogi domin ya yi ƙwai, ba ya cin abinci sam, kuma har yau masana ba su daidaita a kan abin da ke sa shi cafkar ƙwaron ba. Wato dai duk wannan wahala girki ce ake yi wa mai azumi.

Duk da haka na sayi kayan aiki, har da jan man farce da dattijon ya ce a riƙa ɗigawa a kan ƙullin kai domin kada ya warware, da kuma gashin wutsiyar barewa da aka rina ya zama ruwan ɗorawa. Waɗannan biyun uwargida ta tsinta a aljihun rigar sanyina. Ta ajiye su a gabana cikin natsuwar da ta fi faɗa ban tsoro, ta ce, "Maigida, man farcen nan na wace ce, kuma gashin nan daga kan wa ya fito?" Na ce mata na kifi ne, kuma ban taɓa faɗar gaskiyar da ta yi kama da ƙarya irin wannan ba. Abin da ya wanke ni shi ne ƙwaron farko da na kammala na bari a teburin kicin domin ya bushe, wanda ta gani da asuba ta zabga masa silifas, ƙugiyar ta nutse a cikin robar har sai da aka sa filaya. Da na ba dattijon labari, sai ya miƙo mini hannu ya ce tunda ƙwaron ya yaudari mutum mai hankali, kifi ba zai gagare shi ba.

Ganin nauyin hannuna ya sa ya mayar da ni kan ƙwarin ruwan gishiri, waɗanda ƙugiyarsu babba ce kuma ba ta tsatsa. Ya koya mini irin wanda Bob Clouser ya fito da shi a Amurka a 1987, mai siffar ɗan ƙaramin kifi, da idanun ƙarfe guda biyu da ke nutsar da shi su kuma juya bakin ƙugiyar sama don kada ta kama duwatsu. Amfanin idanun na uku na gano shi a gaɓar teku a Stonehaven, lokacin da iska ta karkato da igiyar suka same ni a ƙeya, hulata kuma ta bi ruwa.

Da aka buɗe kogi muka biya kuɗin izini muka tafi ranar Asabar, saboda dokar ƙasar ta hana kamun salmon ranar Lahadi. Nawa ƙwaron ya yini yana wanka babu mai kula shi, amma wajen yamma sandar dattijon ta lanƙwashe, kuma bayan doguwar kokawa wani ƙaton kifi mai walƙiya ya shigo koma. Nan take na kira gida na ce a jajjaga attaruhu da albasa a ɗora mai a wuta. Ina sauke waya na ga dattijon ya durƙusa a cikin ruwa, ya zare ƙugiyar a hankali, ya tallafe kifin har ya farfaɗo, sannan ya buɗe hannu ya sake shi. Na yi salati da ƙarfi. Ya bayyana mini cewa a kogin Dee duk salmon da aka kama mayar da shi ake yi, domin yawansa ya ragu ƙwarai, har a 2023 aka sanya na Birtaniya a jerin halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa. Hujja ce mai ƙarfi, amma ba ta kashe wutar da na sa aka kunna ba.

A hanyar gida na tsaya a kanti na sayi kifin gwangwani. Uwargida ta karɓa, ta juya gwangwanin ta dubi gaba da baya, ta dubi jajjagen da ke jira, sannan ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Maigida. Shi ma wannan da gashin zabuwar aka kamo shi?"