Ni aka ce in riƙe ƙofa

Ranar Asabar maƙwabcina a nan Bradford ta Ingila, wani dattijon Bature, ya yanke jiki ya faɗi a falonsa dafe da ƙirji, matarsa ta zo tana dukan ƙofata don ta san ni nas ce. Na kira 999, ban gama ɓalle masa maɓallan riga ba sai ga motar asibiti, ruwan ɗorawa da kore, mutum biyu suka diro cikin koren kaya da ƙattin takalma da jaka a baya. Ta gaban wallahi sa'ar autarmu ce. Ta durƙusa ta manna masa wayoyi 10 a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, takardar awon zuciya na fitowa ta kalla sau ɗaya ta ce jijiyar zuciya ce ta toshe, ta ba shi asfirin ya tauna, ta sa masa kanula, ta kira asibitin zuciya ta ce su shirya gasu nan tafe. Ba likita a wajen kuma ba ta jira izinin kowa ba. Ni da na yi shekara 9 a emajensi a Kano, aikin da aka ba ni shi ne in riƙe musu ƙofa.

Abin ya tsaya min a wuya, ba zan ɓoye ba. Faramedik ake kiran waɗannan ma'aikatan motar asibitin, hukumar da ke yi musu rajista daban, HCPC, mu nas-nas kuma tamu NMC. Digirin shekara 3 ne kamar namu. A albashin NHS, hukumar lafiya ta gwamnatin Birtaniya, duk a mataki na 5 muke farawa, amma su bayan shekara 2 ake wucewa da su na 6, nas kuwa sai ta jira gurbi ta yi intabiyu, wata sai ta tsufa a 5 ɗin nan. Tun 2018 manyansu da suka ƙaro karatu har magani suke rubutawa. Nas ɗin da ke son komawa faramedik akwai mastas na shekara 2 a wasu jami'o'i, jami'ar Edge Hill ma ta haɗa aikin biyu a kwas ɗaya na shekara 4.

Yarinyar ta iya aikinta, wannan kam na sallama. Amma don Allah me ta yi da nas ɗin asibitin ƙaramar hukuma a gida Najeriya ba ta yi kullum? Ita ce karɓar haihuwa, ita ce ɗinkin wanda babur ya kayar, ita ce neman jijiyar jariri da fitilar waya in Nepa sun ɗauke, ga dangi goma a kanta kowa da abin da yake faɗa. Ba ta da koren kaya ne kawai, ba ta da mota. Shi ya sa in na ji ana cewa sai mun ƙirƙiro faramedik dubu kaza kafin motar ɗaukar marasa lafiya ta yi aiki a gida sai raina ya ɓaci. A Siwidin ai nas ce a cikin motar, haka tsarinsu yake. Masu hannun muna da su, a ƙara musu horo a ba su mota mai mai a tanki, shi kenan. An ƙaddamar da NEMSAS, shirin motocin agajin gaggawa na Najeriya, a 2022, ga lambar kiran gaggawa 112, to amma ku da kuke gida ku faɗa min, in motar asibiti ta shigo layinku ba salati ake farawa ana tambayar wa ya rasu ba?

Babanmu a adaidaita sahu aka ɗauke shi. Yaya Babba ne ya rungume shi a baya, ƙafafunsa na lilo a waje, daga Kurna ga cunkoson yamma, ni kuma ina nan Bradford ina shirin fita aikin dare ina ihu a waya a sassauta masa riga, a ba shi asfirin, wa zai tsaya neman kemis a lokacin. Shi ma ƙirjin ya dafe.

Dattijon ya dawo gida ranar Laraba da ƙafarsa, matarsa ta aiko min da kek. Fom ɗin mastas ɗin yana buɗe a kwamfutata kwana huɗu kenan, sunana kawai na cike.