Wa zai tsaya wa ƙananan ƙungiyoyinmu?

A nan Ingila, kafin dandalin tara taimako ta intanet irin JustGiving ya sa ƙungiya cikin jerin ƙungiyoyin agajin da za ka tura wa sadaka, lambar rajista yake fara nema. A Ingila da Wales kusan duk ƙungiyar agajin da kuɗin shigarta ya haura fam 5,000 a shekara sai ta yi rajista da hukumar da ke kula da su, kuma kowa na iya buɗe shafin hukumar ya ga sunayen amintattunta. Ga garaɓasar Gift Aid: in kana biyan haraji, fam huɗu da ka bayar gwamnati ta cika shi biyar.

A gida Najeriya kuwa hoton mara lafiya ne a Facebook, lambar asusu a ƙasa, sai "Allah Ya ba da ikon taimakawa". Masu gaskiya sun fi yawa, na yarda. Amma ka kuskura ka nemi rasit, yanzu a ce kana zargin bayin Allah.

To sai dai ban yarda dandalin taimako ya ɗauki tsarin Turawa ya kife a kanmu ba. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri, cikin waɗanda suka fara ɗora tukunya akwai samarin unguwa da kwamitocin masallatai da mata masu adashe. Ina suka ga rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, balle takardar SCUML, ta sashen hana halasta kuɗin haram, da ake karɓowa ƙarƙashin EFCC? GoFundMe ma ba ya barin a buɗe gidauniya daga Najeriya. Mu da ke waje sai mu zaɓi ɗaya: ko babbar ƙungiya mai ofis a Landan, ko asusun wani ɗan'uwa, ba tare da kowa ya san abin da ya shiga da abin da ya fita ba.

Akwai kuma tsoron da bankuna ke yi wa ƙungiya mai sunan Musulunci. A 2014 bankin HSBC ya rufe asusun masallacin Finsbury Park da ke Landan, masallaci mai rajista cikakkiya. Dandali ta banki yake wuce da kuɗi, saboda haka fargabar banki ta zama tasa. Ko LaunchGood, da Musulmi suka kafa a Amurka a 2013, ta hannun bankunan nan kuɗinsa ke bi.

Abin da nake so a yi, 'yan kasuwar Kantin Kwari sun daɗe da saninsa: ba a ba baƙo kaya bashi sai da wanda ya tsaya masa. Ƙaramar ƙungiya ta shiga jeri in wata mai rajista ta sa hannu ta lamunce ta. A riƙa sakin kuɗin kashi-kashi, ba a ba da na biyu sai an ga rasit ɗin asibiti ko na buhunan shinkafa na farko. In aka ci amana, a cire su duka biyun, a kuma rubuta dalili kowa ya karanta. Hukumomin zakka na Kano da Sakkwato za su iya wannan lamuni, ko da yake na san akwai waɗanda da sun ji hannun gwamnati a ciki za su mayar da waya aljihu. Su sai a ba su jerin masu lamunin da ba na gwamnati ba, su zaɓa.