Gwanjo ya koma cikin waya, amma wa ke tsaya wa mai saye?

Sayar da kayan gwanjo da kayan hannu ta intanet ya zama sana'ar da ɗimbin mazauna Kaduna ke ci da ita, musamman matan aure da ɗalibai da matasan da suka gama karatu aiki bai samu ba. Wanda ya duba sitatus ɗin WhatsApp na abokan hulɗarsa da yamma zai ga takalman yara da rigunan sanyi da labule da jakunkuna. A Facebook da Jiji zai tarar da firji da janareta da kujeru da wayoyin hannu, a TikTok kuma akwai masu fasa dila, wato ƙunshin gwanjo, kai tsaye, suna ɗaga riga ɗaya bayan ɗaya, masu kallo na rige-rigen rubuta cewa sun ɗauka. A ganina sana'a ce mai amfani wadda ta rufa wa gidaje da yawa asiri, sai dai ta baro wani abu a kasuwa wanda har yau ba ta maye gurbinsa ba, wato mutumin da za a riƙe idan kaya ya saɓa da yadda aka siffanta shi.

Dalilan bunƙasarta ba ɓoyayyu ba ne. A watan Maris na 2020 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta rushe Kasuwar Barci da ke Tudun Wada, cibiyar gwanjo da yadi a garin, domin a sake gina ta, kuma a ƙarshen watan aka kafa dokar kulle saboda korona, wadda ta ɗauki fiye da wata biyu. 'Yan kasuwar da suka wayi gari ba rumfa ba masu saye sun kwashe kayansu zuwa gida, waya ta zama shagonsu. Ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ya koya wa har waɗanda ba su yarda da banki ba tura kuɗi ta waya. Sai cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni, inda dalar da hukuma ke canzawa kan kimanin naira 460 ta haura naira 1,500 a 2024. Sabon kaya ya fi ƙarfin ma'aikaci, kuma magidancin da a da yake jin kunyar a gan shi yana durƙushe yana zaɓen gwanjo ya sami hanyar saye ba tare da kowa ya gan shi ba.

Ga Bahaushe wannan ciniki ba baƙo ba ne. Tun kafin a san waya, dillaliya ce ke shiga gida gida da ƙullin zannuwa da tasoshi da 'yan kunne, tana karɓar abin da wata matar aure ta gaji da shi ko buƙata ta sa ta sayar, ta kai wa wata a can unguwar, ta cire la'adarta ba tare da ta faɗi sunan mai kaya ba. Matar da ke sa hoton gado da katifa na wata amarya a shafinta aikin dillaliya take yi, har rufin asirin da ke cikinsa. Amma dillaliya ta unguwa an san gidanta, an san mijinta da 'ya'yanta, gobe ma za ta dawo ta yi sallama a ƙofar nan. In ta kawo atamfar da ta koɗe ta ce sabuwa ce, zancen zai zaga gidajen biki kafin mako ya ƙare. Haka abin yake a kasuwa: mai saye na ɗaga riga ya duba hammata da wuya da bakin aljihu, in kuma rigima ta tashi akwai maƙwabcin rumfa da shugaban layi da Sarkin Kasuwa. Mai shafi a intanet kuwa yana iya toshe lambar mai ƙorafi, ya sauya suna, washegari ya ci gaba da ciniki.

Shi ya sa nake cewa abin da ake sayarwa a wannan sana'a siffantawa ce kafin kaya. Sabon kaya kamfani ya riga ya tsaya masa, kwali ɗaya daidai yake da ɗan'uwansa. Kayan hannu kuwa kowanne da tarihinsa: wannan firjin an taɓa sauya masa kwamfireso, waccan wayar an buɗe ta an sa mata wani gilashi, wannan takalmin tafinsa ya fara cinyewa ta gefe guda. Hoto ba ya nuna waɗannan sai mai ɗauka ya so, kuma mun san yadda ake goge riga, a ɗauke ta a hasken safe, a karkata wurin tabon zuwa bango. Mai sayen da ya tura kuɗi a kan irin wannan hoto cinikin biri a sama ya yi.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da tattauna wannan mas'ala. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a makarantun zaure a duk faɗin Arewa, ta halatta sayar da abin da ba ya wurin ciniki bisa siffantawa, har ma da sayen abin da ke cikin ƙunshi bisa takardar da ta bayyana siffarsa. Amma ta hana ɓoye aibi, ta hana mai kaya ya yi shiru a kan abin da in ya faɗa mai saye zai ƙi kayan, sannan ta ce ba a shardanta biyan kuɗi tun kafin a karɓi kayan da ba ya nan sai in wurinsa kusa ne ko kuwa irin abin da ba ya sauyawa ne, kamar gida ko fili. Fatawa ta malamai ce, amma duk mai rubuta "sai an biya ake turawa, kuma ba a dawo da kaya" a saman shafinsa ya kamata ya kai wannan jimla gaban malaminsa. Dokar ƙasa ma ba ta goyon bayansa, domin dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba wanda bai sami damar duba kaya kafin a kawo masa ba ikon mayar da shi idan ya saɓa da siffar da aka yi ciniki a kanta.

Masu sana'ar suna da amsa, kuma amsar tana da nauyi. Mai fasa dila za ta ce ita ma a rufe ta saya: ta biya kuɗi masu yawa a kan dilar da aka ɗaure da ƙarfe tun daga Turai ko China, ba ta san abin da ke ciki ba sai da ta yanke ɗaurin, kuma babu wanda zai karɓa in ta tarar rabinta tsumma ne. Ribar dila tana cikin zaɓin farko, 'yan kayan da suka fito kamar sababbi, su ne ke biyan kuɗin dilar. Na biyu yana tafiya a hankali, ragowar kuwa ba ta da fuskar da za a sa a hoto, sai dai a kai ta kasuwar Talata ta Kawo ko kasuwar Litinin ta Kakuri a zube a ƙasa a karya farashi. Jarabawar a bayyane take: a tura na biyu da sunan na farko domin a fitar da uwar kuɗi. Na fahimci matsin, amma asarar da mutum ya yi a kan dila ba ta zama bashi a wuyan mai saye ba. Abin da lissafin ke nunawa shi ne mai ƙaramin jari bai kamata ya fara da dila sukutum ba. Ya fi masa ya je wurin masu fasawa da sassafe ya zaɓa da hannunsa, ko ya fara da dillanci a kan la'ada, inda ba ya zuba kuɗinsa sai data da kuɗin mota.

Su ma ana cutarsu. Akwai alat na bogi, akwai mai yin odar kaya a biya in an kawo, ɗan aike ya isa Rigasa ko Sabon Tasha daga Unguwar Rimi ya tarar waya a kashe, akwai kuma kayan da aka ba direba a tashar Kawo ko Mando ya isa Zariya ko Kano a jiƙe ko a fashe, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Rashin wanda za a riƙe ya shafi ɓangarorin biyu.

Abin da ya fi tsanani shi ne asalin kaya, musamman waya da kwamfuta da janareta. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar Penal Code, kuma idan 'yan sanda suka bi sawun waya, wanda aka same ta a hannunsa shi ake fara kamawa, sai ya kawo wanda ya sayar masa. A shago ana iya komawa, amma wanda aka haɗu da shi a Facebook aka yi musaya a bakin titi ba shi da adireshi. Mai sana'ar da ke son daɗewa dole ya riƙe littafi: sunan wanda ya kawo kaya, lambarsa, hoton katin shaidarsa, lambar IMEI, wato lambar shaidar ita kanta wayar, wadda ke fitowa idan aka danna *#06#, da rasit ga mai saye. Wayar da aka kawo ba kwali ba rasit, a kulle da asusun wani, kuma mai ita na gaggawar karɓar rabin kuɗinta, ba ta buƙatar dogon bincike kafin a ce a kai kasuwa.

Akwai kuma wani ruɗani daga sama. Tufafin gwanjo suna cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigo da su Najeriya, shi ya sa yawancin dilolin ke sauka a Kwatano da Lome kafin su tsallako iyaka. Hujjar haramcin ta haɗa da kare masaƙun gida, kuma babu garin da ya kai Kaduna sanin yadda wannan kariya ta ƙare: masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta rufe a 2002, Arewa Textiles da sauran suka bi baya, saboda rashin wuta da tsadar sarrafawa da yadin da ake fasa-ƙwaurinsa. Yau ana sayar da gwanjo a fili a kasuwannin da gwamnati ta gina take kuma karɓar haraji, alhali a takarda kayan bai shigo ba. Ko dai a halatta shi a sa masa kuɗin fito da ka'idar tsafta, ko a yi bayanin amfanin dokar da ba ta hana komai ba sai ƙara wa dila kuɗin hanya.

Wannan ne ya sa nake ganin ɓangaren da ya fi dacewa ƙananan 'yan kasuwa su ba ƙarfi shi ne kayan da ke cikin gidajenmu, waɗanda ba su da alaƙa da dala ko iyaka. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, ɗalibin da ya gama Kadpoly ko KASU, uwargidan da za ta sauya kayan ɗaki, duk suna neman mai raba su da kaya cikin mutunci. A cikin waɗannan gidaje ne kuma ake samun tsofaffin kayan da shekaru suka ƙara wa daraja: keken ɗinki Singer na ƙarfe, keken hawa Raleigh, rediyon katako, faifan garmaho, tasoshin tagulla, kwabo mai huji da sulallan da aka daina kashewa bayan zuwan naira a 1973, har da kayan gyaran Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kakuri. Magada kan sayar da irin waɗannan ga 'yan jari-bola a kan sikeli da farashin ƙarfe, alhali akwai masu tara kayan tarihi da masu ƙawata otal da masu shirya fim a Abuja da Legas da za su biya ninkin haka. A nan intanet ta yi abin da dillaliya ba za ta iya ba, domin mai son garmaho ba lallai ne a same shi a unguwa ɗaya da mai ita ba. Sai dai adalci ya wajaba ta ɓangaren saye ma: wanda ya san darajar kaya ya karɓe shi a hannun tsohuwa da kuɗin goro ya yi irin cutar da muke zargin mai ɓoye tabo da ita.

Iyaka ɗaya ce ba a tsallakewa. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wakilin da aka amince da shi, ta kuma hana fitar da su waje ba da izini ba, kuma a cikinsu akwai abin da aka tono daga ƙasa da sana'ar hannu ta gida da aka yi kafin 1918. Jihar da Nok ke cikinta, wadda aka daɗe ana wawashe gumakanta na yumɓu zuwa Turai, bai kamata matasanta su ɗauka tsohon takobi ko rubutun hannu na kakanni daidai yake da tsohuwar rediyo ba. Mai shakka ya leƙa gidan tarihi da ke kan titin Ali Akilu ko Gidan Arewa kafin ya ɗora hoto.

Ba na sa ran wata hukuma za ta bi shafukan WhatsApp ɗaya bayan ɗaya, kuma kamfanonin da suka mallaki waɗannan dandali ba za su zo Tudun Wada sasanta rigimar labule ba. Gyaran yana hannun masu sana'ar. Ƙungiyoyin 'yan gwanjo da na masu waya da ke kasuwanni suna da shugabanni da rajista da hanyar ladabtar da ɗan ƙungiya, abin da ya rage shi ne su buɗe ƙofa ga masu sayarwa daga gida, su ba su lambar shaida da za su sa a shafinsu, tare da lambar da mai ƙorafi zai kira. Ga kaya masu tsada, a ware shaguna sanannu a Kasuwar Barci da Kasuwar Sheikh Gumi da Kawo inda za a ajiye kaya, mai saye ya zo ya duba ya gwada, kuɗi su tsaya a hannun mai shagon har sai an shirya, shi kuma ya ɗauki 'yar la'adarsa. Ga na nesa, a amince da wa'adin kwana biyu ko uku na mayar da abin da ya saɓa da hoto, kuma a rubuta tun kafin kaya ya bar tasha wanda zai biya kuɗin motar dawowa.