Digiri 1.5 ba abin dariya ba ne, a duba kifin Antatika

Tun da bazara ta kama, magana ɗaya ake juyawa a fadojin Yamai: mu da ke shan digiri 45 a Afrilu, mene ne digiri 1.5 da yarjejeniyar Paris ta 2015 ke ihu a kai? Wato iyakar ƙarin ɗumamar duniya da ake son kada a wuce. Har masu karatu na faɗin haka, kuma abin na ci mini tuwo a ƙwarya. Jikin mutum na riƙe zafinsa a 37. Kifi kuwa, zafin ruwansa shi ne zafin jikinsa.

Kifayen tekun Antatika, can ƙarshen kudancin duniya, na zaune cikin ruwa mai digiri 1.9 ƙasa da sifili, kuma wasunsu na mutuwa in ya kai wajen 6. Dalilin na cikin ƙwayoyin halittarsu, a mitokondiriya, inda ake ƙona abinci da oksijin. Can ake tara proton, wato ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki, bayan wani siririn tantani, kamar ruwa bayan madatsa, sannan ya kwararo ta ƙofa ɗaya ya haɗa ATP, makamashin da tsoka ke aiki da shi. Sanyi na rage saurin wannan aiki, shi ya sa kifayen suka yawaita mitokondiriya, suka kuma cika tantanin da kitse mai laushi don kada ya daskare. Akwai kifin da ba shi da himogulobin (sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini) sam, jininsa fari, mitokondiriya ta cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙwayar zuciyarsa.

Da ruwa ya ɗumama, laushin ya zama illa. Madatsar ta fara yoyo, oksijin na ƙonewa, ATP na raguwa, zuciya ta gaza. Ga buƙatar oksijin na ninkawa kusan duk digiri 10, alhali ruwan daɗi da ke riƙe miligiram 14.6 a lita a sifili, 7.5 kawai yake riƙewa a 30.

Masu cewa "za su saba" sun manta wannan sabon ya ci miliyoyin shekaru.

Karfasa da tarwaɗarmu na son 27 zuwa 30, amma lissafin ɗaya ne, iyakarsu ce kawai ta fi sama. Mai kiwon da ya tarar da karfasa na haki a saman ruwa da asuba ya daina zargin abinci ko sammu. Ya sayi ma'aunin zafi, ya yi wa tankin rumfa, ya rage ciyarwa a ranakun tsananin zafi, domin narkar da abinci ma oksijin yake ci.