Jinkirin kwana uku ya ɗora min harajin da ban shirya ba

Har yanzu in na tuna raina tafasa yake yi. Shekara goma sha shida ina aiki a Amurka, ina tsakurar albashi ina zubawa a asusun ritaya na IRA, irin wanda ba a karɓar harajinsa sai ranar da ka zo cira. Bara aikina ya tsaya wata bakwai, abin da na samu bai taka kara ya karya ba. Sai na ce ga dama ta samu, bari in juya dala 30,000 zuwa wani asusun ritayar da ake kira Roth tun harajina yana ƙasa. Duk abin da ka juya ana haɗa shi da samunka na wannan shekarar, ka biya sau ɗaya, daga nan kuɗin su yi ta haihuwa ba haraji.

Na san ƙa'idar sarai. Mai zuba sabon kuɗi a IRA ana ɗaga masa ƙafa har tsakiyar Afrilu, amma mai juyawa wa'adinsa 31 ga Disamba ne, babu daɗi babu ragi. Shi ya sa na miƙa takardata tun 12 ga wata. Sau huɗu ina kiran kamfanin da ke riƙe da asusun. Kowane kira in zauna da waya a kunne kusan minti arba'in, kiɗa ɗaya yana ta maimaita kansa, shayina ya huce a kan tebur, daga ƙarshe a ce min ana kan aiki, in kwantar da hankalina. Ba su juya kuɗin ba sai 3 ga Janairu, lokacin da na riga na koma aiki da cikakken albashi. Yanzu dala 30,000 ɗin nan za su hau kan samun bana, a caje ni a mataki na sama.

Na ce su mayar. Wai ba hali. Kafin 2018 mutum na iya warware juyin har 15 ga Oktoban shekara mai zuwa, amma dokar haraji ta 2017 ta toshe wannan ƙofar. Su da suka san babu gyara, me ya hana su kula?

Abin da ya fi ƙona min rai ma yana gaba. Sun yanke kashi 10 cikin ɗari, dala 3,000, sun aika wa IRS, hukumar harajin Amurka, don ban sa alama a wani ɗan akwati na hana yankan a takardar ba. A kira huɗu babu wanda ya ambace shi. Shekarata 51, ban kai 59 da rabi da ake iya cira ba tara ba, saboda haka abin da suka yanke ya zama kamar ni na cire shi, ga tarar kashi 10 a kai. Ashe ina da kwana 60 in cike gurbin daga aljihuna in tsira. Sai tsakiyar Maris mai lissafa min haraji ya gaya min, bayan kwanakin sun ƙare.

Ga kuma jiran shekara biyar kafin in taɓa kuɗin ba tara, wanda ake ƙirgawa daga 1 ga Janairun shekarar juyin. Kwana ukun nan sun ƙara min shekara guda cur, ni da nake lissafin ƙarasa ginin da na bari a gida.

Amsar kamfanin takarda ce mai layi biyar, wai Disamba aiki yana musu yawa. Na rubuta musu cewa ina son kwafin sautin kiran nan huɗu da ranar da takardata ta shiga hannunsu. Yau sati uku, shiru.