Wannan "Bayan Sallah" Ɗin, Yaushe Zai Zo?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan'uwa, akwai cutar da ba ta kai mutum asibiti, amma tana cinye masa shekaru yana ji yana gani. Ita ce a tsaya wuri guda, ba gaba ba baya, mutum kuma yana ganin ai shiri yake yi.

Kowa ya san harshenta. "Bari dai sai bayan Sallah." Ƙaramar Sallah ta wuce, a ce sai an yi layya. An yi layya, sai ruwa ya ɗauke. Kaka ta yi, sai an sayar da amfani. Kafin ka ankara an fara cigiyar watan azumi, a koma kan maganar bara. Shiga ɗakin wata baiwar Allah, za ka tarar da keken ɗinki an lulluɓe shi da tsohon zani, har an jera masa kwanuka a ka, ya koma tebur. Ga allon wani a jingine bayan ƙofa, rubutun ya dushe, yana nan a izun da ya tsaya tun kafin ya yi aure. Ka tambaye shi, zai ce maka yana da niyya. Ba ƙarya ya yi ba, niyyar tana nan. Ƙafar ce ba ta ɗaga ba.

Ba na cewa duk wanda ya tsaya malalaci ne. Ana cikin matsi, jari ya karye wa da yawa, wani rashin lafiya ce ta zaunar da shi, wannan Allah Ya san uzurinsa. Da mai lafiya nake, wanda ke jiran komai ya haɗu kafin ya motsa.

Ku dubi Abdurrahman ɗan Aufu, Allah Ya yarda da shi. Ya yi hijira zuwa Madina hannu rabbana. Manzon Allah (SAW) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsa da Sa'adu ɗan Rabi'u, Sa'adu ya ce su raba dukiyarsa biyu. Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka a iyali da dukiya, ya ce shi dai a nuna masa kasuwa. Aka nuna masa kasuwar Banu Ƙainuƙa'a. Me ya dawo da shi? Ɗan cuku da man shanu. Shi ke nan ribar.

Masu ba da labarin nan sukan tsallaka daga cukun su faɗa kan ayarin raƙuma da tarin dukiya. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai wata 'yar jimla ce a ruwayar Bukhari: ya ci gaba da sammako zuwa kasuwar. Gobe ya koma, jibi ya koma. Bai raina cukun ba, bai ce mutum irina ɗan Makka, wanda ya san fatauci, ya fi ƙarfin wannan ba. Ba a daɗe ba sai ga shi ya yi aure, ya biya sadaki da zinare mai nauyin ƙwallon dabino. Mu kuma yau sai ka ji matashi ya ce in ba miliyan biyu ba, ba zai fara komai ba, alhali kuɗin datar da yake sha a wata ya isa sarin kwalin sabulu.

Nana Maryam ma, tana cikin naƙuda, ita kaɗai, aka ce da ita ta girgiza kututturen dabino, nunannu su zubo mata (Suratu Maryam, aya ta 25). Wanda Ya gudano mata ruwa a ƙarƙashinta ba zai gaza zubo mata dabino ba. Amma an ce ta miƙa hannu. Af, tunda an zo nan: maganar nan da muke yawan yi, "Allah Ya ce tashi in taimake ka", karin maganarmu ce, ba aya ba ce, ba hadisi ba. A daina jingina ta ga Allah. Abin da ya tabbata a Sahihu Muslim ya ishe mu: ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya.

To, in an tashi, da me za a fara? Nan ne mafi yawanmu ke faɗuwa, don mukan fara da zafi. An saurari wa'azi da daddare, zuciya ta motsa, da safe mutum ya ce daga yau izu biyar kullum, ga tsayuwar dare, ga azumin Litinin da Alhamis. Mako bai zagayo ba ya ajiye duka, har da ɗan abin da yake yi da can. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne. Kuma an ce ita kanta in ta kama aiki ba ta sakinsa.

Ku yi lissafi da kanku. Mus'hafin bugun Madina shafi 604 ne. Mai karanta shafi ɗaya rak a rana zai sauke cikin wata 20 da 'yan kwanaki. Mai haddace rabin shafi kullum zai kai ƙarshe kafin shekara uku da rabi, in yana kula da tilawa. Wanda ya ce sai ya samu natsuwa ya koma makaranta gaba ɗaya, shekara nawa ke nan yana faɗa? Haka kuɗi: naira 500 a asusu kullum, a shekara 182,500 ce. Ba ta sayen gida, amma tana ɗauke kwanukan nan daga kan keke ta sayo zare da yadi.

Duk wanda ya taɓa tura motar da batirinta ya mutu ya san inda wahalar take. Turin farko ne ke fitar da gumi, kamar an dasa ta a ƙasa. Da taya ta fara juyawa, mutum biyu ma sun isa. Amma ku sake ta ta tsaya, sai an koma gumin farko. Shi ya sa nake ba da shawara mutum ya yanka wa kansa ɗan abin da ko ranar da yake zazzaɓi zai iya: layi biyar, kwata ɗin awa, ɗinkin wuyan riga ɗaya. Ya ɗaura shi a jikin sallah, misali bayan Asuba kafin ya taɓa waya, don sallah ba ta jiran sai an ji marmari. Kuma ba sai an sanar a Facebook ba. Wani daɗin "Masha Allah" ɗin da ya sha a kan niyya shi ke kashe masa yunwar aikin.

Za ka yi sanyi wata rana, wannan babu makawa. Ya zo a hadisi cewa kowane aiki yana da lokacin zafinsa, kowane zafi kuma yana da lokacin lafawa. Ba lafawar ce ke kashe aiki ba, abin da ke biyo bayanta ne. An tsallake kwana uku, sai Shaiɗan ya zo da lissafi: ai ka riga ka ɓata, bari sai farkon wata a sake sabon lale. Kada ka saurare shi. Ka koma a ranar, daga inda ka tsaya, ba sai ka rama na baya ba. Haka in ya zo maka da "da na fara tun shekara biyar, da yanzu na zama wani abu". Wancan hadisin na Muslim da na kawo a baya, a ƙarshensa ya gargaɗe mu cewa "da na yi kaza" tana buɗe wa Shaiɗan ƙofar aiki.

Ku kuma da Allah Ya buɗa wa, kuna da rabonku a wannan magana. Yaron da ke zaune a dakalin ƙofar gidanka tun safe, wataƙila ba kyauta yake buƙata ba. Ka tafi da shi shago, ka haɗa shi da dillali, ka tsaya masa a ba shi kaya bashi na mako ɗaya. Hajiya, yarinyar maƙwabta da ta iya cincin, ki fara saye a hannunta ranar sunan gidanki, ki kuma biya ta a ranar, ban da "sai an watse".

Allah Ya tsare mu daga gajiyawa da kasala.