Kwana uku ba waya: abin da na gani a taron keɓewar ɗalibai

Iyaye 'yan'uwana, akwai maganar da ta daɗe tana cina, yau dai zan amayar da ita. Duk shekara idan makarantun mishan suka aiko da takardar taron keɓewa, wanda yara ke kira ritrit, sai ka ji gunaguni: kwana uku cur ba darasi, ga jarrabawa tafe, kuma ai ana zuwa coci kowace Lahadi, me ya rage? Ni ma a wannan layin nake, har ranar da aka roƙe ni in raka ajin 'yata a matsayin uwa mai sa ido.

Da isarmu aka karɓe wayoyi. Ranar farko jikin yaran a sanyaye, kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki, hannu sai kaiwa aljihu yake yi alhali ba komai a ciki. Da yamma aka ba su minti ashirin na shiru, kowa ya nemi gefe da Littafi Mai Tsarki da takarda. Wasu suka yi ta ƙunshe dariya. Kashegari shirun ya zauna da gindinsa, har lokaci ya cika wasu ba su tashi ba.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne akwatin tambayoyi. An ajiye shi a ƙofa, kowa ya rubuta abin da ke damunsa ba tare da suna ba. Da aka buɗe, wani ya rubuta cewa yana addu'a amma ba ya jin komai, ko laifinsa ne? Wata ta tambaya yadda za ta girmama mahaifin da ya watsar da su. Wani kuma ya ce shi fa bai tabbata akwai Allah ba, yana tsoron faɗa a gida. Waɗannan yaran namu ne, masu rera waƙa a ƙungiyar mawaƙa, masu haddace ayoyi. Wa'azi kam sun sha shi tun suna goye. Wurin yin tambaya ba tare da an zare musu ido ba, shi ne ba su da shi.

Alhali kuwa Luka ya nuna mana Yesu yana ɗan shekara 12, iyayensa sun neme shi kwana uku, suka same shi a Haikali zaune cikin malamai, yana sauraro yana kuma yi musu tambayoyi. Toma almajirinsa ya ce ba zai gaskata Yesu ya tashi daga matattu ba sai ya gani, Ubangiji bai kore shi ba, ya dawo ya nuna masa hannuwansa. To mu su wa da za mu ɗauki tambayar yaro a matsayin tawaye?

Keɓewar ma ba sabon salo ba ne. A Markus 6:31 Yesu da kansa ya ce wa almajiransa su zo wurin da ba kowa su ɗan huta, domin jama'a sun hana su ko cin abinci. Ignatiyus na Loyola, wanda 'yan Katolika ke girmamawa a matsayin waliyyi, da farko soja ne, harsashin igwa ya farfasa masa ƙafa a yaƙin Pamplona a 1521. Bayan jinya ya keɓe kusan shekara guda a garin Manresa na ƙasar Sifen, daga nan ya tsara atisayen ruhaniya na wajen kwana 30, wanda Paparoma Bulus na Uku ya amince da shi a 1548. Daga koyarwarsa aka gāji addu'ar binciken zuciya ta dare: ka gode wa Allah, ka waiwayi yininka, ina ka yi daidai, ina ka kauce, ka nemi gafara, ka roƙi alheri don gobe. Ita aka koya wa yaranmu, kuma ni kaina na ƙaru da ita. A makarantun Katolika da yawa na Amurka akwai taron da ake kira Kairos, na kwana uku zuwa huɗu, inda manyan ɗalibai ke jagorantar ƙananan ƙungiyoyi. A ƙauyen Taizé na Faransa, inda Ɗan'uwa Roger ya kafa wata al'ummar masu addu'a a 1940, dubban matasa ke zuwa duk shekara, kuma tsakiyar kowace addu'arsu dogon shiru ne.

Wannan dabara ta sa ɗalibi ya jagoranci ɗalibi, na ga amfaninta da idona. Fasto ya yi magana a kan gaskiya da riƙon amana, yara suka saurara cikin ladabi. Amma da wata 'yar ajin ƙarshe ta tashi ta ba da labarin yadda ta yaɗa ƙarya a kan ƙawarta, da irin wuyar da ta sha kafin ta iya zuwa neman gafara, ɗakin ya yi tsit, ko tari babu.

Sai dai ba kowane taro nake goyon baya ba, kuma a nan zan ɗaga murya. Akwai masu auna nasarar taro da yawan hawaye. A hana yara barci, a tsorata su da wuta har tsakar dare, a matsa musu su tona asirinsu a gaban aji. Wannan cin zali ne, ko da sunan Allah aka yi shi. Asirin da yarinya ta faɗa cikin kuka daren Juma'a, da shi za a yi mata gori ranar Litinin. Wanda ya ga dama ya yi magana, wanda bai ga dama ba a ƙyale shi. Ɗalibin da ba Kirista ba kuwa, kada a tilasta masa addu'ar da ba tasa ba, iyayensa amana suka ba makaranta. Kuma kada babba ya kulle ƙofa shi kaɗai da yaro, komai girman rigarsa. Kafin ku sa hannu a takarda, ku nemi jadawalin taron, ku tambayi su wa za su kwana da yaran, da kuma wanda za a kai wa magana idan yaro ya faɗi cewa ana cutar da shi.

Kada kuma mu ɗora wa kwana uku kayan shekara. Yaro zai dawo da zafinsa, bayan mako biyu ya huce, wannan ba abin mamaki ba ne. Idan makaranta ba ta ci gaba da haɗa ƙananan ƙungiyoyin nan ba, mu kuma a gida ba mu buɗe kunne ba, an yi shuka ne a kan dutse.

'Yata ba ta dawo waliyyiya ba, har yanzu muna sa-in-sa a kan wayar nan. Amma wasu dararen nakan ga ta ajiye ta a falo, ta shiga ɗaki da ƙaramin littafin da ta yi rubutu a ciki a wurin taron. Ban taɓa buɗe shi ba. Makon jiya muna zaune ta ce, "Mama, ke ma kin taɓa yin addu'a kika ji kamar ba mai ji?" Na ce mata ƙwarai, shekarar da kakarta ta rasu. Muka yi hira har dare ya raba.